Kunne Ba Shi Da Marfi

Ido yana da fatar da ke rufe shi da zarar haske ya yi yawa. Baki yana da leɓɓa. Kunne kuwa a buɗe yake dare da rana, ko muna barci yana bakin aiki, shi ya sa ƙararrawa take iya tayar da ɗaliban kwana da sassafe. Duk ƙarar da aka ɗura masa sai ya karɓa, ba shi da bakin cewa ta ishe shi. A wannan fitowa ta allonmu, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun ɗauko wani ɗan abu da bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, wato matoshin kunne, don mu ga dalilin da ya sa matasa da yawa a Turai suke biyan kuɗi su shiga wajen kiɗa, sannan su toshe kunnuwansu kafin a fara. Da farkon ji abin kamar wauta ne, tamkar wanda ya sayi tsire ya ɗaure bakinsa. Amma ku biyo mu a hankali.

Casun da ya fi yin suna wajen ƙara shi ne wanda Turawa suke kira rave. Tushen kiɗansa daga Amurka yake, daga biranen Shikago da Ditiroyit, inda a shekarun 1980 aka riƙa haɗa kiɗan rawa da na'urori maimakon makaɗa. Da ya tsallaka Ingila, a 1988 da 1989, sai matasa suka riƙa taruwa a tsofaffin sito-sito da filayen bayan gari suna kwana rawa har gari ya waye. Abin ya dami hukuma, har a 1994 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro. A yau ya zama babbar sana'a. Bikin Tomorrowland da ake yi a garin Boom na ƙasar Beljiyam tun 2005 yana tara mutane kusan 400,000 a cikin ƙarshen mako biyu. A irin waɗannan wurare ana jera lasifikoki kamar katangar gida, ƙarar takan kai desibel 100, a gaban lasifika kuwa takan zarce haka.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ba ma zuwa Beljiyam. Gaskiya ne. Sai dai kunne bai san sunan kiɗa ba, ƙarfinsa kawai ya sani. Lasifikar da di-je yake kafawa a gidan biki, ko wajen gala, ko ranar bikin yaye 'yan ajin ƙarshe, aikinta ɗaya da ta Turai idan aka ƙure ta.

Lissafin da ke yaudarar mutane

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, sunan kuma ya samo asali daga Alexander Graham Bell, mutumin da ake danganta ƙirƙiro tarho da shi. Raɗa tana kusan desibel 30. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan 60. Daga wajen 120 zuwa sama kunne yakan fara jin zafi. Wanda ya kalli waɗannan lambobi zai ɗauka cewa 100 bai ko ninka 60 ba, to me zai ba shi tsoro? Nan ne yaudarar take. Ma'aunin desibel ba ya hawa kamar matakala, ninkawa yake yi, 'yan ajin kimiyya da suka sha wahalar logaridim sun san abin da muke nufi. Duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Daga 60 zuwa 70 sau 10 ke nan, zuwa 80 sau 100, zuwa 90 sau 1,000, zuwa 100 kuwa sau 10,000. Wato wanda ke tsaye a filin casu kunnensa yana karɓar ƙarfin da ya ninka na hirar aji sau dubu goma. Ƙwaƙwalwarmu ba ta gaya mana haka, domin a wajenta ƙarin desibel 10 kamar ninki biyu ne kawai.

Cibiyar NIOSH ta Amurka, wadda ke nazarin lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar cewa kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 kuwa ƙarfin sauti ya ninka biyu, don haka sai a raba lokacin gida biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 minti 30, a 100 minti 15. A 103 saura minti 7 da rabi, lokacin da bai isa a gama rabon abinci a gidan biki ba. Yanzu ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. Casun awa 5 minti 300 ne. A raba 300 da 15, an sami 20. Ke nan wanda ya yi awa 5 cikin desibel 100 ya ɗura wa kunnensa rabon kwana 20 a dare ɗaya.

Ba kowa ke yawo da na'urar auna sauti ba, amma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Idan abokinka yana tsaye nisan kamu biyu daga gare ka, kamar mita ɗaya, kuma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai wajen 85 ko ta wuce. Idan sai ka kafa baki a kunnensa ka yi ihu, ai ba sai an faɗa ba.

Abin da ke faruwa a can ciki

Sauti girgizar iska ce. Tana shiga ramin kunne ta bugi dodon kunne, wato wata siririyar fata mai kama da fatar ganga. Shi kuma ya miƙa girgizar ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, waɗanda na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa kusan milimita 3. Wannan ƙashin yana tura wani ruwa da ke cikin wani bututu mai naɗe kamar katantanwa. A cikin katantanwar nan ne ainihin ji yake. Akwai ƙwayoyin halitta kusan 16,000 a kowane kunne, kowace da ɗan tsefen gashi a kanta. Ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai mu ce mun ji.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙara dodon kunne take fasawa. Hakan yana faruwa, misali idan wani abu ya fashe kusa da mutum, amma dodon kunne sau da yawa yakan warke da kansa. Ɓarnar kiɗa ta fi wannan shiru, kuma ta fi shi muni, domin waɗannan ƙwayoyin gashi take gajiyarwa har ta kashe su. Ku dubi ciyawar da ɗalibai suke ratsawa don yanke hanya zuwa ɗakin cin abinci. Idan mutum ɗaya ya taka, ta kwanta, gobe ta miƙe. Idan kullum ana bi, sai wurin ya zama turba, ko an yi ruwa ba ta fitowa. Bambancin kawai shi ne ciyawa ana iya sake shuka ta. Ƙwayar gashin kunnen ɗan Adam idan ta mutu ta tafi ke nan, da adadin da aka haife mu da shi za mu yi ta lallaɓawa har tsufa. Abin haushin ma, masana sun gano a ƙarshen shekarun 1980 cewa tsuntsaye suna sake fitar da nasu. Kazar da ke kiwo a bayan kicin ta fi mu gata a wannan fanni.

Duk wanda ya taɓa dawowa daga biki ya ji kamar an cusa masa auduga, ko ya kwanta yana jin wani siririn kuka kamar na gyare a cikin kansa, ya ɗanɗana matakin farko. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu ji yakan dawo, shi ya sa ake raina abin. An daɗe ana ɗauka cewa idan ji ya dawo to shi ke nan. Amma a 2009 wasu masana biyu na jami'ar Harvard, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun yi gwaji da ɓeraye. Sun sa su cikin ƙara mai ƙarfi na awa 2. Bayan kwanaki jin ɓerayen ya dawo daidai a gwaji, amma da aka duba katantanwarsu sai aka tarar da yawa daga mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin gashi da jijiyar ji sun tsinke kuma ba su dawo ba. Ana kiran wannan ɓoyayyiyar asarar ji, domin gwajin da aka saba yi ba ya nuna ta.

Yadda asarar take fara bayyana ma akwai abin lura. Ƙara ta fi cin sautuka masu tsini, waɗanda ke wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa. Wasula irin su a da o suna da kauri, suna ƙasa, don haka suna tsira. Baƙaƙe irin su s da sh da f da ts kuwa suna can sama. Ku gwada faɗin waɗannan kalmomi huɗu: fara, sara, shara, tsara. Wanda ƙara ta ci wa kunne yana jin "ara" tangaram a dukkansu, amma harafin farko ya dushe, sai ya yi ta cankar abin da aka faɗa. Shi ya sa irin wannan mutum ba ya cewa ba ya ji. Cewa yake yi mutane ba sa buɗe baki idan suna magana. A ɗaki shiru yana bin hira lafiya lau, amma a aji mai hayaniya, ko a kasuwa, sai magana ta cakuɗe masa. Ku yi tunanin ɗalibin da ke zaune a bencin baya ranar da malami yake shifta. Malamanmu ma muna roƙon su lura, ba duk mai yawan cewa "na'am?" ne yake wasa a aji ba. Akwai kuma ayyukan da sai an gwada jin mutum kafin a ɗauke shi, kamar tuƙin jirgin sama.

Sai kukan kunne, wanda ga wasu ba ya tafiya. Ƙara ce da babu mai jin ta sai mai ita, ta fi matsawa da dare idan gari ya yi tsit, tana hana barci da natsuwar karatu. Har yau ba a sami maganin da ke kashe ta gaba ɗaya ba, sai dai dabarun rage damuwarta. Manyan mawaƙa da dama sun fito fili sun faɗi halin da suke ciki. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana fama da ita tare da raunin ji, ƙungiyarsu ce kuma ta shiga kundin Guinness a 1976 saboda wani wasa a Landan da aka auna ƙararsa ta kai desibel 126. Chris Martin na Coldplay ya ce yana da kukan kunne. A 2016 likitoci sun gargaɗi Brian Johnson na AC/DC cewa ya dakatar da hawa dandali ko ya kurumce, dole ya bar rangadin da suke tsakiyar yi. Waɗannan mutane ne da ba su rasa kuɗin asibiti ba.

Shin matoshin yana aiki kuwa?

An gwada. A watan Satumba na 2015 likitoci daga asibitin jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun je wani bikin kiɗa na fili a Amsterdam da mutum 51 da suka amince a yi gwaji da su. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, 25 suka sa matoshi, 26 ba su sa ba. Aka auna jinsu kafin su shiga, suka yi awa 4 da rabi a cikin ƙarar da matsakaicinta desibel 100 ne, aka sake auna su da suka fito. A cikin masu matoshi, kashi 8 cikin 100 na kunnuwa ne jinsu ya ragu. A cikin marasa matoshi kashi 42 ne. Kukan kunne ya kama kashi 12 na rukunin farko, ya kama kashi 40 na rukuni na biyu. Mutum 51 ba taro ne mai yawa ba, amma tazarar ta yi faɗin da ba a kawar da kai daga gare ta. Ku kuma lura cewa ko a cikin masu matoshin akwai waɗanda abin ya taɓa. Matoshi yana rage ƙara ne, ba ya mayar da mutum gagara-badau.

Mu koma ga lissafinmu na ɗazu. Matoshin da ya rage desibel 15 zai mayar da 100 ya koma 85. Minti 15 ya zama awa 8 ke nan. Wannan ɗan abin da ake iya ɓoyewa a aljihun riga ya ninka lokacin sau 32.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A tsohon labarin Girkawa na Odyssey an ce jarumin ya toshe kunnuwan matuƙan jirginsa da kakin zuma. A 1907 wani mai haɗa magunguna a Balin ta Jamus, Max Negwer, ya kafa kamfanin Ohropax mai yin matoshin kaki da auduga, har yau ana sayar da shi. Na soso, wanda ya fi yawa a duniya yanzu, wani Ba'amurke mai suna Ross Gardner ne ya ƙirƙiro shi a 1972. Shi ne mai araha, rawaya ko ruwan lemo, irin wanda ake raba wa ma'aikatan masana'anta da na filin jirgi. A jikin ledarsa akan rubuta wata lamba, mafi girma takan kai 33, wadda ke nuna yawan desibel ɗin da ya rage a ɗakin gwaji. A hannun mutane abin da ake samu yakan yi ƙasa da haka sosai, kuma babban dalilin shi ne rashin iya sawa.

Matsalar na soso ga mai son kiɗa ita ce ya fi danne sautuka masu tsini fiye da masu kauri, sai waƙa ta koma kamar ana jiyo ta daga maƙwabta. A kan wannan ne kamfanin Etymotic Research na Amurka ya fitar da matoshin makaɗa a 1988. Yana da wata 'yar matata a tsakiya wadda ke rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida, kamar an murɗa rediyo ƙasa kaɗan. Akwai wanda ƙwararre yake ɗaukar zubin kunnen mutum a ƙera masa nasa na kansa, wannan yana da tsada. Akwai kuma na roba mai laushi, mai tudu biyu ko uku kamar 'yar bishiya, wanda ake wankewa a sake sawa, yana rage wajen desibel 15 zuwa 20. A ganinmu wannan na tsakiyar shi ya fi dacewa da mai zuwa wajen kiɗa. Amma idan na soso kawai aka samu, a sa shi, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Masu cewa matoshi yana kashe daɗin casu sun manta da abu biyu. Dukan da mutum yake ji a ƙirjinsa idan aka saki kiɗa mai kauri ba ta ramin kunne yake shiga ba, jiki ne gaba ɗaya yake karɓar girgizar, matoshi bai taɓa wannan ba. Na biyu, kunnen da ba a kare ba yana dushewa tun kafin tsakiyar dare, sai mai shi ya ƙara matsawa gaban lasifika. Di-je ɗin ma kunnensa ya gaji, sai ya ƙara murɗawa sama yana ganin kiɗan ne ya yi sanyi. Haka ake ta ja har kowa ya koma gida da kai kamar an buga ganga a ciki.

Yadda ake sa shi

Hannu ya zama mai tsabta tukuna. A murza soson tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinke, ba tare da ya ninke ba. Sai a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a kama saman kunnen a ja shi sama da baya, domin ramin kunne ba a miƙe yake ba, jan ne yake miƙar da shi. A tura soson ciki a hankali, a dafe shi da yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Za ka ji duniya tana yin nisa, muryarka kuma ta yi kauri kamar kana magana a cikin tulu. Idan wanda ke kallon ka ta gaba yana hango rabin soson a waje, bai shiga ba, a cire a sake. Wajen cirewa a murɗa shi a hankali, ba a fizga.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne cirewa da mayarwa. An sa waƙar da kake so, ka ce bari in cire na ɗan lokaci. Lissafin desibel ba ya yafe wannan. Idan ka cire matoshi na minti 6 a kowace awa, wato kashi ɗaya cikin goma na lokacin, to komai kyawunsa kariyar da ka samu a jimlace ba za ta wuce desibel 10 ba. Idan rabin lokacin ka sa, desibel 3 kacal ka tsira da shi. Don haka a sa shi tun kafin a shiga, idan ana son hutawa a fita waje inda babu ƙara sannan a cire. Abokinka kuma ya daina yi maka ihu a cikin kunne, wannan ma ƙara ce, kuma daga kusa.

Auduga da tishu ba matoshi ba ne. Iska tana ratsa su, abin da suke ragewa bai taka kara ya karya ba, ga shi suna iya gutsurewa su maƙale a ciki. Iyafis ma ba matoshi ba ne, musamman idan ana kunna wata waƙar a ciki don a danne ta waje, wannan ƙari ne a kan ƙari. Ba a aron matoshi kamar yadda ba a aron buroshin haƙori. Na soso idan ya yi datti ko ya daina kumbura a jefar. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake zubar da ruwa kada ya cusa komai sai ya ga likita. Idan an tashi daga taro a cire kafin a hau titi, don a ji hon ɗin mota.

A Turai hukumomi sun shiga maganar. Tun 2017 Faransa ta yi dokar da ta rage iyakar ƙara a wuraren kiɗa daga desibel 105 zuwa 102, ta kuma wajabta wa manyan wurare su ba da matoshi kyauta, su tanadi inda kunne zai huta. A Suwizalan ma duk taron da ƙararsa za ta wuce desibel 93 sai an raba matoshi kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron kiɗa, ta fitar da ƙa'idar wuraren taro a watan Maris na 2022. Ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, a riƙa auna ta, a samar da matoshi, a ware wurin shiru. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya. A Nijeriya akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma a gidan biki babu wanda zai tare ka a ƙofa ya miƙa maka matoshi, sai dai ka zo da naka. Akan same shi a shagunan da ke sayar da hular kwano da safar hannu ta ma'aikata, da wasu manyan kemis.

Mun san abin da zai hana da yawa daga cikinmu sawa ba kuɗi ba ne, kunya ce. Kada abokai su ce wane ya zama tsoho, ko wance tana iyayi. Mai ɗankwali ko hijabi dai babu mai ganin abin da ke kunnenta. Ga samari kuma, na roba mara launi sai an ƙura ido ake gane shi. Da yawa daga makaɗan da ake kallo a bidiyo suna tsalle a kan dandali akwai abin da ke toshe a kunnensu, don sun san da kunnen suke cin abinci.

Idan babu matoshi sam, nisa shi ne mataimaki. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da lasifika, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Daga mita 1 zuwa mita 2 an rage 6, zuwa mita 4 an rage 12, zuwa mita 8 an rage 18. A cikin zaure ragin bai kai haka ba saboda bango yana dawo da sauti, amma duk da haka kujerar baya ta fi ta gaba. A riƙa fita ana shan iska, washegari kuma a bar kunne ya yini ba iyafis.

Akwai waɗanda ba su da zaɓi a wannan harka, su ne ƙannenmu. Sau nawa muke ganin jariri a goye ana rawa da shi a gaban lasifika, ko yara sun yi cincirindo sun jingina da akwatin suna jin daɗin yadda yake girgiza musu baya? Ba a sa wa jariri ƙaramin matoshi, yana iya cirewa ya haɗiye. Akwai marufin kunne na yara mai kama da hedifon, idan babu shi a ɗauke yaron a koma nesa. Wannan aikin yayye ne, kuma yawancinmu yayye ne a gida.

Idan bayan taro kukan kunne ko dushewar ji ta wuce kwana biyu ba ta tafi ba, a faɗa wa iyaye ko ma'aikacin asibitin makaranta, a nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, ko akwai jiri, ko jini, ko zafi mai tsanani, ba a jira kwana biyun, a tafi a ranar, domin wani nau'in ɗaukewar ji maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Kada a ɗiga man ja ko wani ruwa, kada a soka tsinken ashana ko murfin biro. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ji ba ya da zafi, hedifon ake sa wa mutum ya riƙa ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ɗan sauti.

Ga kwamitin da zai shirya bikin yaye ɗalibai na bana muna da roƙo uku, kuma babu wanda zai ci kuɗi. A ɗora lasifikoki a kan ƙarfe sama da kawunan mutane maimakon a ajiye su a ƙasa daidai kunnen masu zama. A bar tazarar aƙalla mita 3 tsakaninsu da layin farko, inda aka saba zaunar da 'yan aji ɗaya. Sannan a ba malami guda ikon ya je wajen di-je ya ce a rage, duk lokacin da mutum biyu da ke tsakiyar zaure suka kasa jin juna sai da ihu.